Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kafin A Farfasa Tsohuwar Kwamfuta, A Tambayi Da Wa Take Magana



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu harkar kwamfuta. Wai tsohuwar kwamfuta ba ta da sauran amfani, tunda duk abin da take yi akwai manhajar da za ta kwaikwaye shi a cikin laftof na yau. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabin gaskiya ce, kuma ragowar rabin da ba a faɗa yana iya jawo wa mutum tsayuwar injin da yake ci da iyalinsa da shi.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. 'Yan uwanmu da yawa a Legas da sauran biranen kudu sana'arsu ke nan: wasu suna sayar da kayan tokumbo a Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wasu suna gyara, wasu kuma 'yan gwangwan ne da tsofaffin na'urori ke ƙarewa a hannunsu. Tun a shekarar 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta fitar da rahoton da ya ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kwamfutoci da danginsu ke sauka a tashar jiragen ruwan Legas duk wata. Ke nan hukuncin ko wata tsohuwar na'ura za ta rayu ko za a farfasa ta don jan ƙarfe, sau da yawa a hannun ɗan uwanmu yake.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: manhajar kwaikwayo ta ƙware a duk aikin da yake farawa kuma ya ƙare a cikin cikin kwamfuta. Da zarar aikin ya buƙaci waya ta fita waje ta haɗu da wata na'ura, a nan ƙarfinta yake raguwa. Don haka kafin a yanke wa tsohuwar kwamfuta hukunci, a fara tambayar da wa take magana, kuma da wane yare.

Mu fara ba ta haƙƙinta

Manhajar kwaikwayo, wadda masana ke kira emuleta, manhaja ce da ke gina kwamfutar ƙarya a cikin kwamfutar gaskiya. Tsohon shiri yana shiga ciki ya ɗauka a gidansa yake, ya ci gaba da aikinsa kamar shekarar 1995 ba ta wuce ba. DOSBox ta fito a 2002 domin tsofaffin wasannin DOS. QEMU, wadda Bafaranshen nan Fabrice Bellard ya ƙirƙira, ta biyo baya a 2003. Akwai kuma PCem da 86Box, waɗanda suke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci guntu-guntu, har da katin sauti da katin sadarwa. A farkon 2015 ma'ajiyar Internet Archive ta buɗe wa duniya wasannin DOS sama da dubu biyu, mutum ya buga su a cikin burauzarsa ba tare da ya sauke komai ba.

Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mai tsohon shirin lissafin kuɗi, ko wanda yake da takardun da aka rubuta da WordPerfect shekaru talatin da suka wuce, ko ɗalibin da yake son ganin yadda Windows 95 take, duk emuleta ta ishe su. Ba ta cin wuri, ba ta shan wuta fiye da laftof ɗin da take ciki, kuma idan ta lalace sai a kwafo wata. Ba mu da ja a kan wannan.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar tana farawa ne idan kwamfutar ƙaryar ta so yin magana da duniyar waje. Ba ta da katin sadarwa nata na ƙarfe, sai dai ta ari bakin kwamfutar da take zaune a ciki. Hanyoyin aron nan biyu ne, kuma kowace tana da nata cikas.

Hanya ta farko ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma QEMU take kunnawa da kanta idan ba a zaɓi wata ba. Sunanta SLIRP, wata dabara ce da ta samo asali daga Ostareliya a tsakiyar shekarun 1990. A nan emuleta tana zama kamar tafinta: tana karɓar saƙon tsohon shirin, ta sake aika shi da sunanta. Kwamfutar da ke ciki tana samun adireshin 10.0.2.15, wanda babu wata na'ura a ofishinka da za ta gan shi. Ita tana iya kira waje, amma na waje ba ya iya kiranta sai an buɗe masa ƙofa ta musamman da hannu. Hatta ɗan gwajin nan na ping da masu gyara ke yi don su ga ko layi yana raye, sau da yawa ba ya tafiya sai an yi ƙarin saiti.

Babban cikas ɗin shi ne tafintan nan yare ɗaya ya iya, wato yaren intanet na TCP/IP. Alhali ofisoshin shekarun 1990 ba da shi kaɗai suke magana ba. Bankuna da kamfanoni da yawa suna kan Novell NetWare ne, mai amfani da yaren IPX. Kwamfutocin Apple suna da AppleTalk. Ƙananan ofisoshi masu Windows suna raba fayil da firinta da NetBEUI. Duk waɗannan ba sa wucewa ta hannun SLIRP. Kuma ba za ka ce kwamfutar zamani ta karɓi aikin ba, domin Microsoft ta cire IPX tun daga Windows Vista, Apple kuma ta yi sallama da AppleTalk a 2009.

Wani zai ce, ai DOSBox tana da IPX, muna buga Doom da ita mu huɗu. Gaskiya ne. Wasan Doom na 1993 yana haɗa mutum huɗu ta IPX, kuma DOSBox tana iya wannan. Amma dubi yadda take yi: tana naɗe saƙon IPX ne a cikin ambulan na intanet, ta aika wa wata DOSBox ɗin, ita ma ta buɗe. Wato 'yan gida ɗaya ne suke jin juna. Ka ajiye tsohuwar kwamfuta ta gaske a gefe, ka haɗa ta da waya ɗaya da su, ba za ta ji komai ba sai ka ƙara wata manhajar da za ta zama gada a tsakani.

Hanya ta biyu ita ce a bar kwamfutar ƙaryar ta fito fili, ta hau waya da lambar katinta ta kanta kamar kowace na'ura. Wannan yana barin tsofaffin yarukan su wuce, kuma 86Box da DOSBox-X suna iya yi, suna kwaikwayon tsohon katin nan NE2000 da Novell ta fitar a ƙarshen shekarun 1980. Sai dai yana buƙatar ikon mai gudanar da kwamfutar, da ƙarin manhaja, sannan uwa uba yana son waya ta gaske.

A nan ne abin ya fi taɓa mu. Yawancinmu intanet ɗinmu daga ƙaramin rauta na aljihu yake ko daga wayar hannu, wato Wi-Fi. Shi kuwa Wi-Fi a ƙa'idarsa yana karɓar saƙo ne daga lambar katin da ya yi rajista da shi kawai. Idan wata baƙuwar lamba ta leƙo ta bayan laftof ɗinka, sai rauta ya watsar da saƙonta. Wasu manhajoji kamar VirtualBox suna da dabarar sauya lambar a ɓoye, amma dabarar an yi ta ne domin yaren intanet. Ƙari a kan haka, laftof da yawa na yanzu ba su ma da ramin wayar sadarwa. Sannan kamfanonin layin waya galibi suna haɗa dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya, ta yadda ko ka buɗe ƙofa a rautanka, wanda yake waje ba zai iso gare ka ba. Abin da ake nunawa a bidiyon YouTube daga ɗakin wani mai intanet na waya a Jamus, ba lallai ya yi aiki a shagonka na Agege ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci

Akwai wani cikas da ba a cika ambata ba. Tsofaffin na'urori da yawa an ƙera su ne bisa zaton cewa abokin maganarsu yana nan kusa, a ƙarshen waya mai tsawon 'yan mitoci, kuma amsa za ta dawo nan take. Haka wayar da ke haɗa Game Boy biyu take, haka wayar siriyal da ke haɗa kwamfuta da inji take.

Mu yi ɗan lissafi. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto yana da kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Wayar MainOne da ta taso daga Fotugal ta ƙarƙashin teku ta iso Legas a 2010 tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa kawai sun cinye kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa, wato hotuna huɗu sun wuce, tun kafin a lissafa jinkirin rauta da na layin waya. Masu rubuta emuleta suna da dabarun ɓoye wannan jinkiri a wasanni, amma ba wanda zai iya goge shi. A wasa, abin da zai faru shi ne ɗan tsaiko. A injin da ke yanka ƙarfe ko yake saƙa zare, jinkirin amsa yana iya zama ɓarnar kaya.

Abin da manhaja ba ta iya zama

Duk ƙwarewar emuleta, ba za ta iya tsirar da rami a jikin laftof ba. Tsohuwar wayar sadarwa mai kama da ta eriyar talabijin, wadda ake kira 10BASE2, tana buƙatar kati mai bakinta da murfin da ke toshe ƙarshenta biyu. Katunan ISA da ke sarrafa injuna da yawa na shekarun 1990 ba su da mazauni a kwamfutocin yau, domin an daina saka ramin a yawancinsu tun farkon shekarun 2000. Shirye-shirye masu tsada kuma suna zuwa da ɗan makullin ƙarfe da ake cusawa a ramin firinta mai ƙafa 25, idan babu shi shirin ba ya tashi. Wayar nan mai sauya USB zuwa ramin firinta da ake sayarwa a kasuwa, firinta kawai take yi wa aiki, galibi ba ta jin makullin.

Kada a ɗauka wannan matsalar talakawa ce. Kamfanin McLaren na Ingila ya ƙera motar F1 guda 106 kacal a shekarun 1990, kowace tana kai miliyoyin daloli a yau. A 2016 aka ruwaito cewa har lokacin da tsohon laftof Compaq LTE 5280 suke duba lafiyar motocin, saboda wani kati na musamman da ke haɗa motar da kwamfuta a jikinsa yake aiki. A birnin Grand Rapids na jihar Michigan a Amurka, a 2015 aka ba da labarin wata Commodore Amiga ta shekarun 1980 da take sarrafa na'urorin ɗumama ɗaki da sanyaya shi a makarantu 19, tana aika musu umarni ta rediyo. Emuleta ta Amiga ta daɗe da samuwa, kuma McLaren ba kuɗi suka rasa ba. Abin da ya riƙe su duka shi ne mahaɗar da ke tsakanin kwamfutar da injin.

Irin wannan yana nan a kusa da mu. Duk wanda ya san harkar ɗab'i a Shomolu, ko masu injin ɗinkin suna da tambari a jikin riga, ko masu yanka sitika, ya san injin tokumbo yakan zo da tsohuwar kwamfutarsa. Ranar da kwamfutar ta mutu, injin da ba abin da ya same shi sai ya zama tarin ƙarfe, har sai an samo irinta. Irintan kuwa wataƙila jiya aka farfasa ta a wani filin gwangwan, aka sayar da fanel ɗinta a kan kilo.

Masu ja da mu suna da hujja

Adalci ne mu faɗi abin da ke ɗaya gefen. Tsohuwar kwamfuta ta gaske ita ma ba ta iya shiga intanet ɗin yau. Kusan duk shafuka yanzu a kulle suke da tsarin tsaro na TLS, kuma a 2020 manyan burauzoji suka daina karɓar tsofaffin nau'o'insa na 1.0 da 1.1. Internet Explorer ta zamanin Windows 98 za ta hau waya lafiya lau, amma shafi bayan shafi zai ƙi buɗe mata. A wannan fanni na gaske da na kwaikwayo duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin matsalar a tsohuwar manhajar take. Duka biyun sai sun bi ta wata kwamfutar zamani da za ta buɗe musu shafin ta miƙo musu shi a sauƙaƙe.

Na biyu, tsaro. Microsoft ta daina kula da Windows XP a ranar 8 ga Afrilu, 2014. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta bi ta tsohuwar hanyar raba fayil ta SMB1 ta kama dubban ɗaruruwan kwamfutoci a duniya, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Bayan haka ne sababbin Windows 10 suka daina zuwa da SMB1 a kunne. A nan katangar SLIRP da muka kira cikas ta zama garkuwa, tunda wanda ba a iya kira daga waje ba a iya kai masa hari da sauƙi.

Na uku, ƙarfe yana tsufa. Kafasito suna kumbura su zubar da ruwa, batirin da ke jikin fanel yana tsiyaya ya cinye layukan jan ƙarfe, rumbun ajiya yana iya ƙin tashi wata safiya. Ga zafi da ƙura da laimar kudu, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke ba sallama. Kayan da suka fito daga Amurka ma an saita su ne a kan wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Wanda ya manta bai juya ɗan jan makunnin da ke bayan akwatin ba, hayaƙi zai gani.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ba mu ce a rungumi tsohon ƙarfe a yi watsi da emuleta ba. Amma a lura da abin da hujjojin suka nuna. Sun nuna cewa tsohuwar na'ura tana da rauni kuma tana ƙarewa. Ba su nuna cewa an sami abin da zai maye gurbinta a bakin inji ba. Abin da yake ƙarewa kuma ba shi da madadi, ai shi ya fi cancanta a adana. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da muke ba da shawara

Ga masu injuna da shaguna: tun kwamfutar tana raye, a sa mai gyara ya kwafe rumbun ajiyarta gaba ɗaya, a ajiye kwafin a wuri biyu. A gwada kwafin a cikin emuleta. Idan injin ya amsa, alhamdu lillahi, an huta. Idan bai amsa ba, to an san gaskiya tun da wuri, sai a nemi kwamfuta ta biyu irinta a ajiye, da katinta da wayoyinta. A rubuta sunan katin da lambarsa a takarda. Kada a haɗa wannan kwamfutar da intanet ko kaɗan, kuma kada a bar yara su riƙa cusa mata filashi. A saka mata sitabilaiza. Kuɗin duk wannan bai kai asarar mako ɗaya na tsayuwar aiki ba.

Ga 'yan uwanmu 'yan gwangwan: kafin guduma ta sauka, a ɗan duba. Akwatin da ke da dogon baƙin rami a kan fanel ɗinsa, katin da ke da baki zagayayye na ƙarfe, ɗan makullin da ke maƙale a ramin firinta, laftof mai kauri da ke da ramuka da yawa a baya, waɗannan a ware su gefe. A nuna wa masu gyaran injuna, a tambayi farashi. Ba kowanne ne zai yi daraja ba, amma wanda injinsa ya tsaya ba a kan kilo zai saya ba. Kuma in an samu kwamfuta tare da inji, kada a raba su, domin rabuwar ce take kashe darajar kowannensu.

Ga matasanmu masu koyon kwamfuta: ku koyi emuleta sosai, kyauta ce kuma makaranta ce babba. Amma ku nemi tsofaffin kwamfutoci biyu da waya ɗaya, ku haɗa su da hannunku, ku ga yadda saƙo ke tashi daga wannan ya isa waccan. Wanda ya taɓa kwana yana neman dalilin da ya sa kati bai ga waya ba, ya fahimci sadarwa fiye da wanda ya danna maɓalli komai ya haɗu da kansa. Masu wannan ilimi suna raguwa, injunan da ke buƙatarsa kuwa suna nan suna aiki a Legas da Ibadan da Aba da Kano. Wannan ƙofar abinci ce ga wanda ya riga saura.

Emuleta ta ceci dubban shirye-shirye daga ɓacewa, kuma za ta ci gaba da inganta. Wata rana mai yiwuwa ta cike wasu daga cikin giɓin da muka lissafa. Kafin ranar ta zo, duk tsohuwar kwamfutar da ta faɗo hannunmu mu juya bayanta mu dubi ramukanta, mu tambayi abin da aka taɓa haɗa ta da shi. Amsar ce za ta nuna mana ko ta gwangwan ce ko ta ajiya.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kare mu daga asara.